Baba na so mu tayar da tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa, ya ce in ya rasu tawa ce, ta ina zan fara?

Mai tambayar ya ce mahaifinsa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, yana da 504 salun haɗin Kaduna da ya saya sabuwa fil a farkon shekarun 1980, ta fi shekara goma a ajiye ƙarƙashin rumfa ba a tayar da ita ba. Yanzu tsohon na zaune a gida yana so su tayar da ita tare, kuma ya ce masa "in na mutu taka ce". Su biyar ne, maza biyu mata uku, mahaifiyarsu na raye. Yana so ya san ta ina za a fara, ko a ɗora mata injin Toyota ne kowa ya huta, sannan wannan magana ta Baba ta isa ta sa motar ta zama tasa?

Toh ɗana, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni aikina ƙarfe ne, a kan Fijo na yi furfura, amma da tambayarka ta ƙarshe zan fara, don mun sha ganin motar da aka kashe mata kuɗi aka gama ta tsaf, sannan ta koma ta ruɓe a tsakar gida saboda magada sun kasa daidaitawa, ba wanda ya isa ya ɗauki makulli.

A gajarce, a'a, maganar ba ta isa ba. Duk abin da mutum ya rataya shi da mutuwarsa wasiyya ne ba kyauta ba, kuma hadisi sananne ne cewa babu wasiyya ga magaji, kai kuwa magaji ne. Sai dai in bayan rasuwar sauran magadan sun yarda don kansu sun bar maka, wanda bai yarda ba kasonsa na nan. Ita kyauta a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi ba ta cika sai an karɓa an riƙe, wato hauzi, a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an faɗa ƙarara cewa in mai kyautar ya rasu kafin a karɓe abin daga hannunsa to ya koma gado. Ko Sayyidina Abubakar da ya ba Nana A'isha dabino kimanin wasaƙi 20 (wani babban ma'auni ne) a gonarsa, da ajali ya matso ba ta riga ta girbe ba sai ya ce mata da kin karɓa da ya zama naki, amma yau dukiyar magada ce, yana nan cikin Muwaɗɗa. Toh in haka ta faru a wancan gida ina ga gidanku.

Bari in lissafa maka yadda za ta kasance in an bar zancen a haka, bisa cewa iyayen Baba ba sa raye kuma matarsa ɗaya. Bayan an yi masa sutura an biya bashi an fitar da wasiyya in akwai, Mama na da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, sauran bakwai ɗin ku raba namiji ya ɗau rabon mace biyu, kaga kowace mace ɗaya ɗaya, kai biyu ɗan'uwanka biyu. Wato motar da ka zuba wa albashinka na wata da watanni, biyu cikin takwas ne naka. A ce misali an yi mata kuɗi naira miliyan 4 bayan gyara, naka miliyan 1 ne, sauran ukun sai ka biya 'yan'uwa in kana son riƙe ta, alhali kafin gyaran wataƙila masu sayen ƙarafa ne kawai za su taya ta. Kuɗin da ka kashe ɗin kuma in ba a rubuta shi a matsayin bashi ba, kyauta ka yi wa Baba, ya shige cikin dukiyarsa.

Hanya mafi tsafta a wurina, wadda nake ba duk wanda ya zo min da irin wannan, ita ce ka saye ta yanzu a yadda take. A kira mutum biyu da suka san mota su yi mata kuɗi a gaban ɗan'uwanka da 'yan'uwanka mata, ka biya Baba ko da kaɗan kaɗan ne, a rubuta takarda shaidu su sa hannu, shikenan ta zama taka, duk abin da ka zuba a kayanka ka zuba. In kuma Baba ya ce ina, shi ba zai sayar wa ɗansa ba, kyauta zai ba ka, to ya bayar yanzu yana da lafiyarsa da hankalinsa, ya miƙa maka makulli da takardu a gaban shaidu, a canza suna. Kar a bari sai ciwo ya kwantar da shi, kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Sannan a tuna masa da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya keɓe shi da kyauta Manzon Allah (SAW) ya ƙi yin shaida ya ce a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Malamanmu sun ce ba wa ɗa ɗaya wani yanki na dukiya ya halatta, ba shi duka ne abin ƙi, amma ko don zaman lafiya in Baba na da hali ya ɗan ba sauran wani abu nasu. Tunda ga alama gida ɗaya kuke kuma Baba zai ci gaba da shiga motar, ku je wurin malamin da ya san rabon gado ya tsara muku yadda hauzin zai tabbata ba tare da wani ya zo gobe ya ce ai ba ta taɓa barin hannun Baba ba. In wani ya ce kana gaggawar gado tun tsoho na raye, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma dan Allah kar a yi zancen a bayan idon matan, galibi daga nan rigima ke tashi, ba don suna son motar ba sai don an raina su.

Yanzu mu zo kan motar. Abin da ke ƙarƙashin rumfarku ba tarkace ba ne. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana bodinta, ta ci motar shekara ta Turai a 1969, kuma a 1975 ita ta lashe tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson. A wannan shekarar ce masana'antar haɗa Fijo ta PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, a farkon lokacin ma da jirgin sama ake kwaso sassan daga Liyon a sauke a Kano sannan a yi Kaduna da su. Bayan kisan Janar Murtala a 1976 gwamnatin Obasanjo ta mayar da ita motar manyan jami'ai, shi ya sa duk ma'aikacin wancan zamani burinsa kenan. Faransawa sun daina yin salun ɗin a 1983 amma Kaduna ta ci gaba da haɗawa har tsakiyar shekarun 2000, wannan ne sa'arka, don har yau akwai kayanta da masu saninta a ƙasar nan.

Kafin ka kashe sisin kwabo, a turo ta waje a wanke, a cire kafet da kujeru, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukudireba. Inji ana gyarawa, giya ana samu, amma bodin da tsatsa ta cinye ƙashinsa shi ne ke cin kuɗin da ba ya dawowa, musamman 504 da bodin ne ke ɗauke da komai, ba ta da wani shasi daban. Duba daɓen ƙafar direba da na mai zaman gaba, dogon ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi, inda ake kafa jak, mazaunin batir, kan shokazoba na gaba a cikin bonet, gindin gilashin gaba da na baya inda roba ke tara ruwa, sai daɓen but. Ka riƙa dannawa da sukudireba, inda ya shige ya shige. Ka bi jikinta da mayen ƙarfe, duk inda ya ƙi kamawa to fila aka cusa a wurin a wani tsohon gyara. Motar da ta yi rayuwarta a Arewa ta fi ta Legas ko Fatakwal sa'a ta wannan fannin, mu namu ciwon rana ce da ke ƙona roba da dashbod da kushin, sai ɓeraye masu cin waya da zanzaro da ke gini a gidan iska da bakin salansa. In daɓe ne kawai ya huje mai walda zai yanka ya sa sabon falanki. In mazaunin shokazoba da inda ƙafafun baya ke kamawa sun ruɓe, ku zauna da Baba ku yi shawara ko a nemo wani bodin.

In bodin ya tsallake, ga inda kusan kowa ke ɓarna, a ɗauko batir a jona a hau murza makulli. Kar ka yi. Injin da ya shekara goma a tsaye babu ɗigon mai a jikin silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, ringi na iya manne wa fistin, murzawa ɗaya ta ƙarfi sai ka karya ringi ko ka kankare silif. A cire fulogi huɗun (suna can cikin rami mai zurfi, sai da doguwar sifanarsu, kuma a hure ƙurar ramin kafin a kwance), a zuba ɗan bakin mai ko man giya na otomatik a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a kama fulin gaba da sifana a juya da hannu a hankali. In ya zagaya lafiya lau alhamdu lillahi. In ya cije kar a sa bututu a danna da ƙarfi, a ƙara mai a ƙara haƙuri. Sai a zubar da tsohon bakin mai a duba shi, in ya yi fari fari ko ruwa ya fara fitowa kafin man, akwai magana.

Tankin mai sauke shi za a yi a wanke, fetur ɗin da ya daɗe yana daskarewa kamar ƙaro ya toshe bututu da famfon mai da jet ɗin kafireta. A farkon tayarwa ma gara a ba ta mai daga galan mai tsafta. Kafiretar Solex ce, a kwance ta a wanke a hure da iska, a sa sabon kit, kar a bar yaro ya soka waya a cikin jet yana faɗaɗa shi, daga nan shan mai ke farawa. Duk tiyon roba na fetur a canza shi ko da ya yi kyau a ido, wannan ba wurin tsimi ba ne, tsohon tiyo ne ke ƙona irin motocin nan, kuma abin kashe gobara ya kasance a kusa ranar da za a tayar. Kwantak set a saita shi a milimita 0.40, bawul kuma inji na sanyi, na shiga 0.10 na fita 0.25. Kafin a mayar da fulogi a murza injin da sitata har fitilar mai ta mutu, alamar man ya hau sama, sannan a ba ta wuta.

Yawancin na Kaduna injin lita biyu ne, cc 1971, wanda ke kwance a karkace, bulok na baƙin ƙarfe, tof silinda na alminiyom, sarƙa ce ke jan taimin ba bel ba. Abin da ya kamata ka sani game da shi, silif ɗinsa irin wanda ake zarewa ne, ruwa na zagaye shi kai tsaye. Alherin haka shi ne in inji ya gaji ba sai an kai bulok an fafe ba, fistin da silif da ringi ake saye saiti a zura. Sharrinsa kuma, in an cire tof silinda wani ya juya karanshaf ba tare da an danne silif ɗin ba sai su ɗaga, abin da ke toshe gindinsu ya saki, bayan an haɗa ruwa ya riƙa gangarawa cikin bakin mai a rasa daga ina. Bakaniken da ya tashi a kan motocin Japan bai san wannan ba. Don haka nemi dattijon da ya yi zamanin tasha da wagon, ko da garejinsa ba ya da kyan gani, kuma in ta tashi ba hayaƙi ba ƙara, an gwada kwamfireshan ya daidaita a silinda huɗun, kar ka yarda a buɗe injin don kawai ana so a ce an yi obahol.

Ruwa ne ajalin wannan injin. Lagireto a kai a buɗe a wanke ko a sake masa ciki, famfon ruwa da tiyoyi da fambel sababbi, a zuba ruwan kulan na gaske ba ruwan rijiya ba, don na rijiyar ne ke cinye alminiyom ɗin tof silinda. Tamostat ɗin nan da makanikanmu ke cirewa su jefar da sunan wai na ƙasar sanyi ne, a mayar da shi. Fankarta ta asali mai kamawa da sakewa ce da lantarki, da yawa an ɗaure su sun zama masu juyawa koyaushe, in ka tarar da taku haka bar ta, a zafin Afrilu ba za ka yi da-na-sani ba.

Birki kuwa ba a gwada sa'a da shi. Man birki na shan danshi, shekara goma ta isa ya cinye cikin masta da na ƙafafu, a kwance duka a sa sabon kit ko a canza, tiyoyin roba na birki su ma haka, kuloci ma da mai yake aiki shi ma a bi shi. Tayoyi ko zanensu na nan raɗau a zubar, duba lamba huɗu da ke gefen taya, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, kar a sayar maka da wadda ta tsufa a shago. Giyabos ɗinta mai giya huɗu bakin man inji take sha ba mai kaurin nan ba, a kula. Sauran su bushin da shokazoba da boris za su faɗa maka da bakinsu in an fara tafiya. Riwaya kuma ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya gyara abin da ɓera ya ci, ya goge wuraren at, wato inda waya ke kama ƙarfen bodi, kar ya naɗa waya a madadin fis.

Maganar injin Toyota, ra'ayina kar ka yi. In da haya za ka yi da ita Kano zuwa Daura kullum, sai in ce lissafi ne, yi abin da zai fisshe ka. Amma kai motar Baba kake so. 504 tana da wani dogon bututu da ya haɗa giyabos da aksul na baya, furofela na gudu a cikinsa, in za a sa baƙon inji sai an yi ƙire-ƙiren faranti ko an yanke wannan tsarin, an sake mazaunin inji, an taɓa wayoyi da salansa, kuma wannan laushin tafiyar da aka san ta da shi yakan tafi. Darajarta ma faɗuwa take a wurin masu neman tsofaffin motoci, su lambar inji ta asali suke dubawa. Shan mai ne ke sa mutane wannan tunanin tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, na sani, amma lafiyayyiyar 504 wajen lita 10 zuwa 12 take ci a kilomita 100, motar Juma'a da ɗaurin aure da Sallah ce ba ta zuwa ofis kullum ba, kuɗin canza injin zai saya maka man shekaru.

Kaya kuma, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano za su ba ka mafi yawa, abin da ya gagara a aika Ladipo a Legas ko Nkpor da Nnewi. Kayan inji da birki ba wuya. Masu wuya su ne ƙananan abubuwa, gilashin fitilun baya na asali, zakin gaba, marfin taya, hannun ƙofa, ƙarfen ado na gefe, robar gilas, agogon dashbod. Saboda haka doka ta farko, ba a jefar da komai. Duk abin da aka cire a ɗau hotonsa kafin a cire, a sa a leda a rubuta sunansa, a ajiye a ɗaki mai makulli a gida ba a gareji ba. Ka je kasuwa da tsohon a hannunka a gwada, kuma sau da yawa tsohon kaya na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabo mai sheƙi a kwali. In ka samu wata matacciyar 504 da araha saye ta gaba ɗaya, za ta ciyar da taku shekaru. Kuɗi kuwa kar ka yarda da jimla ɗaya daga bakin kowa, a yi maka lissafin kowane mataki daban, kai ka sayo kaya, a biya kuɗin aiki in an gama matakin, sannan ka ajiye wani abu a gefe don sai an buɗe ake ganin sauran ciwon.

Ka lura fenti ban kawo shi ba sai yanzu, da gangan ne. Mutane na fara kai mota wurin fanel bita a tuɓe ta tsirara, a cire gilasai da ƙofofi, kuɗi su yanke, ta shekara uku a can kaji na ƙwai a ciki, kayanta na bin wasu motocin ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma abokin aikinka dattijo ne. Ka tsara aikin yadda za ta tashi ta yi tafiya ta tsaya da wuri, Baba ya shiga ku zaga gari ko da fentinta ya koɗe, daga baya a yi walda da fenti da kushin a natse. In an zo fentin a kankare har ƙarfe inda tsatsa take, a sa maganin tsatsa da firamare, fila kaɗan, a fesa a ɗaki ba a fili cikin ƙurar hunturu ba, kuma a mayar mata da launinta na asali, za ka gan shi a cikin but ko ƙarƙashin kafet inda rana ba ta taɓa ba. Banda tintak da rim na zamani da fitilun nan masu kashe ido.

Game da aiki da Baba, duk abin da za a iya yi a gida a yi a gida, a ɗauko bakaniken ya zo ya same ku, Baba na kan kujerarsa a inuwa. Mutanen zamaninsu da yawa da kansu suke wanke fulogi su saita kwantak ranar Asabar, kuma kunnensa ya san ƙarar motar nan fiye da na kowa, in ya ce ba haka take kuka ba to a sake dubawa. Shi ya san ko ta taɓa obahitin, ko an taɓa buɗe injin, ko wane gefe aka taɓa bugewa, wannan bayanin zai rage maka kashe kuɗi sosai. Ba shi aikin zaune, wanke kafireta, goge ƙarfen ado, jera kusoshi, riƙe littafin lissafi, amma banda ɗaga abu mai nauyi, banda shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai, banda tsayawa inda ake feshin fenti. Za ku saɓa, dole ne, zai ce a da ba haka ake yi ba. In a kan launi ne ko kushin ko rediyo, bar masa. In a kan birki ne ko taya ko tiyon mai, ka ce "Baba a yi haƙuri" ka yi abin da ya dace, in ya ƙi ji ka sa dattijon bakaniken ya faɗa masa, daga bakin sa'ansa zai fi karɓa. Ka kunna rikoda a wayarka lokacin da yake ba da labarin inda suka je da ita, ka jawo ɗan'uwanka da jikoki su ma su riƙe sifana, wanda ya sa hannu a gyara da wuya ya zo yana cewa a sayar.

Takardu ka nemo su tun yau a cikin akwatin Baba, rasiɗin saye, tsohon lasin, littafin sabis in yana nan. Tunda haɗin Kaduna ce ba ka da ciwon kan takardar kwastan irin na motocin da aka shigo da su. A gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce, in an taɓa canza inji a gyara takardar. Canjin suna a ofishin lasin da takardar sayarwa ko ta kyauta da Baba ya sa wa hannu, shi da kansa yana raye abu ne na 'yan kwanaki, bayan ransa kuwa sai an bi ta kotu da takardar rabon gado. Sai duba lafiyar mota wurin VIO, da inshora, mafi ƙaranci ta ɓangare na uku wadda ta koma naira 15,000 ga motar gida tun Janairun 2023. Tsohuwar lambar motar in an ba ku sabuwa kar a yar, a ajiye.

In ta dawo hannunka gaba ɗaya, abin da ya kashe ta da farko shi zai sake kashe ta, wato ajiya. Tayarwa a bar ta tana aiki a tsaye minti biyar ba ya wadatarwa, fita da ita za ka yi ko sau ɗaya a sati ta yi zafi sosai, a taka birki a shiga kowace giya. A inuwa za ta kwana, ba a lulluɓe da leda mai tara gumi ba, in za ka yi tafiya mai tsawo cire kan batir, kar ka ja birkin hannu ka bar shi wata da watanni sai ya manne, sa mata dutse a taya. Bakin mai a canza ko ba ta yi tafiya ba in shekara ta zagayo, man birki duk shekara biyu. Masu tayi za su zo, da zarar ta yi kyau za ka ga ana tsayar da kai a gidan mai. In wata rana buƙata ta sa dole sai ka sayar, fara yi wa ɗan'uwanka da 'yan'uwanka mata tayi kafin bare, ko da kuɗinsu bai kai na baren ba.